Gida kusa, hanya nesa: amsa kan yaɗuwar Kano da layukan da ba sa ɓullewa

"Malam, ina zaune a wata sabuwar unguwa can bayan Rijiyar Zaki. Ƙanwata tana aure a unguwar da ke bayanmu, har kiran sallar masallacinsu muna ji, amma in zan je gidanta a mota sai na fito babban titi, na zagaya, na sake kutsawa. Layukanmu da yawa sai ka yi ta bi ka tarar da katanga. Ga shi ana ta gina gadoji a gari amma cunkoso bai ragu ba. Shin haka kowane birni yake girma, ko mu ne muka yi sake? Kuma yanzu ana yanka wata gona kusa da mu, ina son in sayi fuloti. Me zan duba?"

Malam, tambayarka ta taɓo abin da mu masu aikin tsara birane muke kwana muna tashi da shi. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: dalilin da ya sa sababbin unguwanni ba sa haɗuwa da junansu, alaƙar wannan da cunkoson manyan tituna, da kuma abin da mai sayen fili zai iya yi tun kafin a ɗora bulo. Bari in fara da raba wasu abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su.

Na farko shi ne yaɗuwar gari, wato yadda gine-gine ke cinye gonaki. Wannan ba abin mamaki ba ne a Kano. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, wato Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, mutane kimanin miliyan 2.8, kuma tun daga lokacin gari ya tsallaka ya shiga ƙasar Dawakin Kudu, Gezawa, Tofa da Dawakin Tofa. Mutane suna haihuwa, baƙi suna zuwa, kowa yana son ɗakin kansa. Babu dokar da za ta hana wannan, kuma ni ban ga dalilin da za a ce a hana ba. Na biyu shi ne yadda titunan wannan sabon gari suke haɗuwa. A nan ne matsalarka take. Gari yana iya ninka faɗinsa sau biyu ya zama da sauƙin zirga-zirga, yana kuma iya ƙaruwa kaɗan ya shaƙe. Abin da ke bambanta su shi ne tsarin layuka, kuma ana yanke hukuncinsa ne a ranar da aka yanka gona.

Yadda ake auna haɗuwar tituna

Mu a wajen aiki, in muka shimfiɗa taswirar unguwa, mahaɗu muke fara ƙirgawa. Mahaɗa mai ƙafa huɗu tana ba mai tafiya zaɓi uku. Mai ƙafa uku tana ba shi biyu. Layin da ya ƙare a jikin katanga ba ya ba shi komai sai juyawa. Sai mu duba tsawon layi tsakanin mahaɗa da mahaɗa, sannan mu gwada nisan wuri biyu a miƙe da nisan da mutum zai taka a zahiri. Kai ma za ka iya yin wannan da taswirar wayarka. A unguwa mai layuka a jere masu gittawa, hanyar da za ka bi takan fi ta miƙe da kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai. In ka ga ta ninka sau biyu ko uku, to unguwar a tsinke take, ko da kuwa an zuba wa kowane layi kwalta.

Ka tambaya ko haka ne a ko'ina. Wasu masana biyu, Christopher Barrington-Leigh da Adam Millard-Ball, sun fitar da bincike a mujallar kimiyya ta PNAS a 2020, inda suka ɗauki taswirar titunan duniya ta OpenStreetMap suka haɗa ta da hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna lokacin da aka gina kowane yanki. Abin da suka gano shi ne, a mafi yawan ƙasashe, titunan da aka yi bayan 1975 ba su kai na da haɗuwa ba. Abin ya fi tsanani a Kudu maso Gabashin Asiya, a birane irin su Bankok, inda rukunin gidaje masu katanga da ƙofa ɗaya suka yawaita. Japan da birane da dama na nahiyar Kudancin Amurka kuwa sun riƙe layukansu a haɗe. Don haka ba mu kaɗai ba ne, amma ba kuma ƙaddara ba ce da ta hau kan kowa. Sai dai ma'auni irin wannan yana da iyaka a garuruwanmu: taswirar ba ta kama duk lungunan da ƙafa da babur ke bi ba, kuma ba ta san layin da aka sa wa ƙofar ƙarfe ake kullewa da daddare ba. Shi ya sa ni na fi yarda da abin da na taka da ƙafata.

Kano uku a cikin Kano ɗaya

Wani zai ce ai cikin birni ma lunguna ne, kuma an yi ɗaruruwan shekaru ana zaune lafiya. Gaskiya ne, amma lungun cikin badala da layin sabuwar unguwa ba abu ɗaya ba ne. Tun daga ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu har faɗaɗawar da Muhammadu Rumfa ya yi a ƙarni na 15, an tsara birnin ne don mai tafiya a ƙasa da jaki da raƙumi. Manyan hanyoyi suna tasowa daga ƙofofi, Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai, Ƙofar Mazugal, Ƙofar Na'isa da sauransu, su nufi Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. Lungun da ba ya ɓullewa yawanci na dangi ne, an yi shi da gangan don sutura. Kasuwa, masallaci, makarantar allo, marina, maƙera, duk suna inda ƙafa za ta kai. Mutumin Dala bai buƙaci ya yi tafiyar kilomita 15 kowace safiya ba.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 kuma jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai aka samu tsari na biyu a wajen ganuwa. Sabon Gari an zana shi ne layi-layi masu gittawa, shi ya sa har yau duk cikar da ya yi, in aka tare wani layi sai ka bi na gaba. Nassarawa da Bompai kuma aka ba su manyan filaye da tituna masu faɗi. Daga baya unguwannin da gwamnati ta yanka, irin su Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, suka bi wannan sahu gwargwado.

Na uku shi ne inda kake zaune, kuma shi ne ya fi kowanne girma a yau: awon igiya, wato gonakin da masu su suka yanka fulotai ba da tsarin hukuma ba. Kurna, Bachirawa, Rimin Kebe, Sheka, Dorayi, Gaida, da yawancin abin da ya biyo bayansu, mafi yawansu haka suka tashi. Unguwanni ne masu matsin lungun birni, amma mazaunansu suna rayuwar mota da babur da aiki a nesa.

Ranar da ake yanka gona

Na sha tsayawa a wurin da ake irin wannan yanka, kuma kusan kullum salon ɗaya ne. Mai gona ko magadansa suna nan, ga dillali, ga mai awo da igiyarsa ko tef, ga yara riƙe da turaku, mai unguwa kuma yana gefe don shaida. Iyakar da ake aiki da ita ita ce iyakar gonar: wata bishiyar ɗorawa a can, jerin gamba a nan, wani tsohon burtali a gefe. Gonar ba murabba'i ba ce, ta karkace yadda kakanni suka raba ta. A cikin wannan karkatacciyar iyaka za a fitar da fulotai gwargwadon yadda za su fitu, abin da ya rage shi ne hanya.

Bari in yi maka lissafi na misali. A ce gonar tsawonta ƙafa 600 ce, ana yanka hamsin-hamsin, wato kowane fuloti ƙafa murabba'i 2,500. In aka bar layi mai faɗin ƙafa 30 ya ratsa ta, ya ci ƙafa murabba'i 18,000, fulotai bakwai ke nan da ɗoriya. In aka matse shi ya koma ƙafa 15, mai gona ya tsira da fulotai uku da rabi. In kuma aka zo ƙarshen layin, maimakon a bar shi ya taɓa gonar maƙwabci, sai a toshe bakin da wani fuloti, an sake samun kuɗi. Ka ga babu mugunta a ciki, lissafi ne kawai. Ribar matse hanya tana shiga aljihun mutum ɗaya a ranar, wahalarta kuma ta watsu a kan dubban mutanen da ba su ma zo ba tukuna.

Bayan shekara biyu ko biyar maƙwabci zai yanka tasa gonar, da nasa dillalin, da tasa igiyar. Ko da na farko ya bar baki a buɗe, ba lallai layin na biyu ya zo daidai da shi ba. Sai ka ga sun saɓa da ƙafa 20, gida ya tsaya a tsakani. Katangar da kake tararwa a ƙarshen layi, in ka bincika, galibi tsohuwar iyakar gonaki biyu ce.

Me ya sa mai gona yake gaggawa? Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma in gwamnati ta karɓi fili, diyyar da dokar ta tanada ta amfanin da ke kansa ce, shuka da gini, ba darajar da filin zai yi a kasuwa ba. Manomin da ya ga gari ya doso shi ya san in ya jira a zo a yi masa tsari yana iya tashi da kaɗan. Gara ya yanka ya sayar tun da wuri. Mai saye shi ma ya san fulotin gwamnati ba kowa yake samu ba, kuma neman takardar mallaka yana cin lokaci da kuɗi. Dillali ne ke ba shi fili yau, har ya yarda ya biya kaɗan-kaɗan. Ni a ganina duk wanda ke zagin awon igiya ba tare da ya faɗi wannan ba, bai yi adalci ba. Awon igiya ne ya ba talakan Kano muhalli a lokacin da hukuma ta kasa.

Sannan akwai abin da ke biyo baya. Layin da aka bari ƙafa 15 ba ya zama ƙafa 15. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa ramin masai a waje, wani ya buɗe shago ya kafa rumfa, wani ya tura katanga taku ɗaya don ya ga na kusa da shi ya tura. In aka zo rabon gado, gida ɗaya ya zama uku, a fitar da wani ɗan lungu a ciki. Tun bayan hare-haren 20 ga Janairu 2012, da kuma matsalar ƙwacen waya da faɗan daba, unguwanni da dama sun sa ƙofofi a bakin layukansu. Ban ga laifin mai tsoro ba, amma kowace ƙofa da aka kulle ta rage wa unguwa mafita ɗaya. Ƙara da manyan shingayen da gari ya zagaye: filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, layin dogo, barikin soja, sabuwar harabar Jami'ar Bayero, rafin Jakara da kududdufai.

Wani abu da ya daɗe yana rufa wa wannan matsala asiri shi ne acaɓa. Babur yana kurɗawa inda mota ba ta shiga, har ta tsakanin katangu biyu. Da aka hana haya da babur a Kano a Janairun 2013, A Daidaita Sahu ya maye gurbinsa, shi kuwa yana buƙatar faɗi da wurin juyawa. Nan mutane da yawa suka gane cewa layinsu ba hanya ba ce. Mai kurar ruwa ya sani, mai motar yashe masai ya sani, motar kashe gobara ma takan tsaya a bakin titi a ja mesa. Na ga inda aka fito da makara sai da aka karkata ta kafin ta sha kwana.

Batun gadoji

Ka ɗaga tafin hannunka ka ware yatsu. Haka manyan titunan Kano suke: Titin Zariya, Titin Maiduguri, Titin Haɗeja, Titin Katsina, Titin Gwarzo, Titin Panshekara, duk sun taso daga tsakiya sun bazu. Sababbin unguwanni sun cika tsakanin yatsun, amma hanyoyin da za su haɗa yatsa da yatsa kaɗan ne. Saboda haka mai kai yaro makaranta, mai zuwa cefane, mai zuwa gaisuwar mutuwa a unguwar baya, duk sai sun fito kan titi ɗaya da tirelar da ta nufi Dawanau da motar da ta taso daga Katsina. Tafiyar da bai kamata ta bar cikin unguwa ba ta zama kaya a kan babban titi.

Gadar Ƙofar Nassarawa, ta Dangi, ta Hotoro, da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na Kabuga da Gadon Ƙaya sun yi amfani a inda suke, ba na musun wannan. Amma gada mahaɗa ɗaya take warwarewa. Motocin da ta saki da sauri suna zuwa su taru a mahaɗa ta gaba, kuma ba ta ƙara wa unguwarku mafita ko ɗaya ba. Da za a ɗauki wani kaso na kuɗin gada a buɗe gajerun hanyoyi masu haɗa unguwa da unguwa, da kwalbatoci a kan rafuka, da an rage motocin da ke buƙatar hawa gadar tun farko. Irin wannan aiki ba ya ɗaukar ido a hoto, shi ya sa ba a cika rububinsa ba.

Abin da za a iya yi

Inda ba a riga an gina ba, maganin yana da arha. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai, UN-Habitat, tana ba da shawarar a ware aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar unguwa don tituna, da tsawon titi kilomita 18 a kowace murabba'in kilomita. Ba sai an kai nan a rana ɗaya ba. A Habasha, daga 2013, birane irin su Hawasa, Adama, Bahir Dar da Mekele sun bi wata dabara mai sauƙi: a zana manyan hanyoyi masu faɗin mita 30, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kusan kilomita ɗaya, a cikin gonakin da gari zai ci nan gaba, a biya diyyar wannan ɗan zirin kawai, a kafa masa alama a ƙasa. Ba a zuba kwalta sai buƙata ta zo, manomi ma yana ci gaba da nomansa. Kano ta taɓa samun babban tsari a takarda, na wani masanin tsara birane mai suna Trevallion, wanda aka yi don 1963 zuwa 1983, gari kuma ya wuce shi ya bar shi a baya. Layin da aka zana a ofis ba a kafa masa turaku a gona ba, dillali bai san da zamansa ba.

Dabara ta biyu ita ce haɗa gonaki. Masu gonaki maƙwabta su zuba filayensu wuri ɗaya, a fitar da tituna da filin makaranta da maƙabarta, sannan a mayar wa kowa kasonsa. Filin kowa ya ragu, amma darajarsa ta ƙaru don yana bakin hanya. Japan ta daɗe tana yin haka, kuma da wannan hanya aka samar da filin titin zobe na birnin Ahmedabad a Indiya. A wajenmu abin da zai sa ta yi aiki shi ne amana: manomi ya tabbata kason da aka yi masa alkawari zai dawo hannunsa. Wanda ya taɓa zuwa Maraɗi ko Yamai ya ga yadda layukan unguwannin da aka yanka suke a miƙe suna gittawa, ko da yashi ne a kansu. Su ma suna da nasu ciwon, fulotai a nesa da babu ruwa babu wuta, amma ranar da kuɗin kwalta ya samu, hanyar tana nan tana jira.

Inda aka riga aka gina, kamar unguwarku, aikin ya fi wuya da tsada. Ba na goyon bayan rusau na gayya. Abin da na ga yana yiwuwa shi ne a nemo wurare ƙalilan inda gida ɗaya ko kango ɗaya ya raba layuka biyu, a saye shi da yardar mai shi da farashin kasuwa, a buɗe. Wani lokaci ƙungiyar unguwa ce ke tara kuɗin. Ko hanyar ƙafa da babur mai faɗin ƙafa 8 aka samu, ta rage wa mata da yara zagaye. Kuma ba kowane layi ne ya kamata mota ta riƙa ratsawa ba. Layin da ya zama hanyar gudun cunkoso yakan zama haɗari ga yaran da ke wasa a ƙofar gida. Abin nema shi ne ƙafa ta wuce ko'ina, mota kuma ta samu mafita fiye da ɗaya.

In za ka sayi fulotin

Ba zan iya yanke maka hukunci kan filin da ban gani ba, amma ga abin da nake gaya wa duk wanda ya zo mini da irin wannan. Kada ka tsaya a kan fulotin, ka taka layin har ƙarshensa ta ɓangarorin biyu, ka ga inda ya faɗa. In dillali ya ce maka "ai nan gaba za a buɗe", ka tambaye shi gonar wa ce a gaban, ka je ka ji daga bakin mai ita. Ka riƙe tef ɗinka ka auna faɗin layin da kanka daga turke zuwa turke. Ni ba na son abin da ya gaza ƙafa 30 ga layin da zai ɗauki motoci biyu da magudanar ruwa, kuma duk abin da ya yi ƙasa da ƙafa 20 ka san lungu ka saya. Ka lura da inda ruwan sama zai bi, domin layin da ya ƙare a katanga ta ɓangaren gangare, nan ruwa zai kwanta a watan Agusta. Ka je hukumar tsara birane ta KNUPDA ka bincika ko filin ya faɗa cikin wata hanya ko wani tsari da gwamnati ta riga ta zana, don kada ka gina a zo a shafa maka jan fenti.

Sannan ka nemi a rubuta faɗin layin da inda ya fara da inda ya ƙare a cikin takardar ciniki, mai unguwa da shaidu su sa hannu. Yawancin takardun da nake gani iyakar fuloti kawai suke faɗa, gabas wane, yamma wane, ba sa ambaton hanya, shi ya sa in wani ya ci ta babu abin da za a nuna. In za ka iya haɗa kai da mutum biyar ko goma daga cikin masu saye tun yanzu da turaku ne kawai a wurin, ku je wa mai gonar da murya ɗaya kan a bar bakin layin a buɗe, ko da za ku haɗa kuɗi ku sayi fulotin ƙarshen ku bar shi hanya. Kuɗin fuloti ɗaya a raba wa mutum goma yau, bai kai kuɗin sayen ginannen gida a rushe shi bayan shekara goma ba.